Sunan da Inna Dije Ba Ta Iya Faɗi

Kun sha tambayata, ku 'ya'yana, musamman ke Nana mai bakin tsiya, me ya sa in an yi salla ake kai ku kowane gida a Tambuwal ku yi gaisuwa ban da gidan Alhaji Mamman, alhali kuwa ƙanen kakanku ne na wajen uwa, ciki ɗaya. Kullum sai in ce muku sai kun girma. To, ga shi kun girma har Aminu ya fara sanƙo, ni kuma gwiwa ta hana ni hawa benen kotu. Kafin wani ya ba ku labarin a karkace, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Ku fara sanin irin aikin da na yi, don har yau wasunku sun ɗauka lauya shi ne mai daka wa shaida tsawa kamar yadda kuke gani a talabijin. Ni ba nan ƙarfina yake ba. Ƙarfina roƙo ne. A kotu ba a ba ka komai sai ka rubuta ka roƙa: beli roƙo ne, a dakatar da hukunci roƙo ne, a bar ka ka gyara kuskuren takardarka ma roƙo ne, kuma kowane roƙo da ƙa'idarsa da lokacinsa, in ka kuskure ɗaya an yi waje da kai ko da gaskiyarka ta kai dutse. Ranar da na bayyana wa mahaifina wannan, Allah ya jiƙansa, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce:

"Ashe haka na? Na kai ka boko ka zama alƙali, kai kuma kad dawo maroƙi. Kalangu kaɗai ya rage maka."

Abokan aiki suka ji, suka laƙa mini Sarkin Roƙo, ni kuwa na karɓa hannu biyu. Rabin aikina na biyu shi ne ɗaukaka ƙara, wato in an yanke wa mutum hukunci a ƙasa in kai kukansa sama. Can sama ba a kiran shaidu, ba a ganin fuskar kowa. Abin da alƙalin ƙasa ya rubuta cikin kwafin shari'a, shi ne duk abin da alƙalan sama suka sani. In ya rubuta cewa akuya ta yi haushi, to ta yi, sai in ka iya nuna musu da doka cewa ba ta yi ba.

Ba a daɗe da komawar soja bariki ba, ina da ɗan ofis a Tambuwal kusa da tasha inda nake zama ƙarshen mako. Wata rana da damina, da hantsi, mata biyu suka sauka daga kabu-kabu, wato baburan haya, laka har gwiwa. Daga wata ruga suke a bayan Fakku, sun biyo ta Kebbe, kuma duk wanda ya san hanyar nan da damina ya san ba yawo ya fito da su ba. Ɗaya tsohuwa ce siririya, ɗaya matashiya. Na ba su kujera, tsohuwar ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na ce Inna, mi ke tafe da ku?

"Na zaka kan maganar wancan da anka rufe," in ji ta.

"Wane ke nan, Inna?"

"Wancan dai."

"Inna, mutanen da anka rufe a ƙasar ga sun fi kasuwar Dogon Daji yawa. Mi a sunanai?"

Sai ta juya fuska ta dubi bango. Matashiyar, wadda ta ce sunanta Hansai, ta yi maza ta ce mini yayanta ne, Umaru, ana ce masa Sanda, kuma shi ne ɗan farin tsohuwar, Inna Dije. Ban sake tambaya ba. Ni ma ɗan fari ne. Kakarku ta haife ni, ta aurar da ni, ta ga jikokinta, amma ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. In za ta yi maganata sai ta ce "mai baƙar riga", saboda rigar kotu. Ku 'yan zamani da kuke ɗaukar ɗan fari kuna yi masa rawa a gaban surukai ba za ku gane ba, amma a wurin iyayenmu, balle mutanen ruga, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta dubansa cikin mutane, ba ta ma yarda a ce nata ne. Ana yaye shi ake miƙa wa wata ta raine shi, ya zama ɗan waccan a baki. Shi Sanda yayar ubansa ce ta raine shi, wadda suke kira Goggo, ta kuma rasu tun yana saurayi.

Hansai ta ba ni labari. An tare wani ɗan kasuwar hatsi a hanya da la'asar, aka ƙwace masa kaya, aka harbe shi a ƙafa. Bayan wasu makonni Sanda ya kai rago kasuwar Dogon Daji, mai hatsin ya hango shi ya yi ihu, ya ce tafiyarsa irin ta ɗaya daga cikin 'yan fashin ce. Aka kama shi. Tun a ofishin 'yan sanda ya ce ranar da abin ya faru yana rugarsu, tsohuwarsa na kwance da zazzaɓi, ya wuni yana yi mata jinkar rumbu, kowa kuma yana gona. Ba wanda ya taka zuwa Fakku ya bincika. Babbar kotu ta same shi da laifin fashi da makami, ta ce a rataye shi. Ya dangwala yatsa a takardar ɗaukaka ƙara daga gidan yari, takardar ta shiga ta kwanta, ba mai tada ta. Da na tambayi sunan mai hatsin, Hansai ta faɗa, sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙeya. Alhaji Mamman ne, ƙanen mahaifin uwarku, wanda take kira Baba.

Ban ce musu e ba, ban ce a'a ba. Na ce sai na ga kwafin shari'a. Da na same shi na karanta shaidar Inna Dije, wallahi sai da na tashi tsaye na zagaya ofis kamar wanda kunama ta harba. Lauyan da gwamnati ta ba Sanda baƙo ne, bai jin Hausa. Ya kira ta shaida, ta ce wancan ya wuni a gidanta. Lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara ya tashi ya tambaye ta wannan da ke tsaye cikin akwatin wanda ake tuhuma ɗanta ne? Ta ce, "Ɗiyan Goggo na." Da maganarmu ta Sakkwato ke nan, ɗan Goggo ne. Tafinta ya juya daidai yadda ta faɗa: ɗan wata mata ne mai suna Goggo. Aka ce mene ne sunansa? Ta ce, "Ba ni iya faɗi." Tafinta ya sake juyawa kalma da kalma, a Turanci kuwa wanda ya ce ba zai iya faɗa ba, yawanci nufinsa bai sani ba. Alƙali ya rubuta cewa matar da aka kawo a matsayin uwa ta ce ba ɗanta ba ne, ba ta san sunansa ba, kuma shi da kansa ya lura ko sau ɗaya ba ta dube shi ba, abin da uwa ba za ta yi wa ɗanta ba. Saboda haka shaidar haya ce, kuma wanda ya yi hayar uwa ya san abin da ya taka. Tsohuwa ta fita daga kotun nan tana ganin ta yi wa ɗanta shaida, ba ta san ita ta ɗaura masa igiya ba.

Da na kai maganar gida, gidan ya kama da wuta. Uwarku Luba tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Barista, duk ɓarayin duniya ka rasa wanda za ka tsaya ma sai wanda ya harbi Baba?"

"Ba shi ya harbe shi ba."

"Kana wurin?"

"Ba ni wurin. Shi ma ba shi wurin, maganar ke nan."

"To da wane ido zan shiga gidanmu?"

Tambayar tata gaskiya ce. Kakarku tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, duk ta ji. Ba ta dube ni ba, ba ta taɓa yi ba. Sai ta yi magana da Luba, ko in ce da bangon da ke bayan Luba.

"A faɗa ma mai baƙar riga, in ya bar matar ga da wanga abu a zuci, kar ya sake aiko min da goro."

Shi ke nan, an yanke hukunci, kuma wannan kotun ba a ɗaukaka ƙararta. Amma ban yarda Alhaji Mamman ya ji a bakin kasuwa ba. Na tafi da ƙafata, na cire takalmi, na durƙusa a zaurensa na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama. Sai ya janye ƙafar wandonsa ya nuna mini inda harsashi ya farfasa ƙashi, ƙafar ta shanye ta koma kamar sanda.

"Ga ta nan," ya ce. "Ita ma ka ɗaukaka mata ƙara."

Na ce Baba, an zalunce ka, ba wanda ke musu. Amma a bayaninka na farko ka ce sun rufe fuska da rawani. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Tun daga ranar aka daina aiko mana da tuwon salla daga gidan, aka daina gaya wa uwarku suna da biki. A masallaci mutanen da na tashi a gabansu suka riƙa ba ni hannu da 'yan yatsu. Uwarku ta yi kuka ba sau ɗaya ba, amma ba ta sake ce mini in bari ba, har ita ce take goge mini rigar da zan tafi da ita. Ku riƙe mata wannan.

A lokacin kotun ɗaukaka ƙararmu tana Kaduna. Na fara da ƙananan roƙo, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na roƙa a bar ni in sauya dalilan ɗaukaka ƙarar, aka ba ni. Na roƙa a gaggauta sauraro tunda rai ne a kan layi, aka ba ni. Sannan na ajiye babban, wanda duk abokaina suka ce in ban haukace ba to ina hanya: na roƙi kotun sama ta kira Inna Dije ta ji ta da kunnenta. Doka ta ba su ikon yin haka, amma ikon da ba sa son taɓawa ne, lauya kan yi aikinsa har ya tsufa bai ga an yi ba. Kuma akwai ƙa'ida mai tsauri cewa abin da alƙalin ƙasa ya gani da idonsa a fuskar shaida, na sama ba sa taɓa shi, don su ba su gani ba. A nan nake so in fasa.

Alƙalai uku ne. Na tsakiya dattijo ne daga kudu, mai ƙaramar murya, irin waɗanda in sun yi maka murmushi ka fara tattara takardunka. Lauyan gwamnati kuwa ɗan arewa ne, gwani, ya san al'adar sarai, amma aikinsa yake yi, ban taɓa riƙe shi da wannan ba. Ya tashi ya ce shaidar nan ta riga ta yi magana a ƙarƙashin rantsuwa, yanzu da aka ga maganar ba ta yi daɗi ba ake so a dawo da ita ta sake sabuwa. In aka buɗe wannan ƙofa, ba shari'ar da za ta ƙare a ƙasar nan. Dattijon ya gyaɗa kai, ya juyo gare ni.

"Lauya, so kake mu yarda uwa za ta bari a rataye ɗanta saboda kunya?"

Na ce, "Ya Mai Shari'a, ba ta san ana rataye mutum da irin wannan amsa ba. A garinsu, duk wanda ya ji mace ta ce yaro ɗan wance ne ta kuma kau da kai, ya san ita ta haife shi. Ban zo in sauya maganarta ba. Kalma ɗaya ba na so a goge. Abin da ta faɗa daidai ne, abin da tafinta ya juya daidai ne, abin da aka fahimta ne ba daidai ba. Alƙalin ƙasa ya ce ya ga ba ta dube shi ba. Na yarda ya gani. Ganin nasa ba na jayayya da shi, fassarar ganin nake jayayya da ita, fassara kuwa ku ma kuna da ikon yi. Da ta dube shi a ranar, da ni da kaina zan ce muku uwar haya ce."

Na ga alƙalin da ke hagu, wanda ɗan wajenmu ne, ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na miƙa musu takardun rantsuwa na dattawan Kebbe da Tambuwal a kan al'adar, na jero hukunce-hukuncen da suka ce in rai na kan layi kotu ba ta rufe kunnenta don tsoron doguwar shari'a. Suka shiga ciki, suka fito, dattijon ya karanta: an amince. Ku ji ni da kyau, an amince! Na fito harabar kotu rigata tana jan ƙasa ban sani ba, lauyoyin da ban taɓa gani ba suna miƙo mini hannu. Nan take na ƙara roƙo biyu, a kawo Sanda daga gidan yari ya tsaya a gabanta, a kuma samo tafinta mai jin Sakkwatanci. Duka aka ba ni. Ranar ko hular dattijon na roƙa ina jin zai cire ya miƙo.

Sai dai cin roƙo daban, cin shari'a daban. Na hau kabu-kabu daga Kebbe zuwa rugarsu don in shirya tsohuwa. Na same ta tana sussukar gero. Na bayyana mata abin da amsarta ta farko ta jawo, ban ɓoye komai ba. Ta saki taɓarya, ta zauna a kan turmi. Na ce Inna, za a sake tambayar ki, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Lauya, kai ɗan fari na?"

"I, Inna."

"Uwarka ta taɓa kiran sunanka?"

"A'a."

"To mi kaka so da ni? Ni da nika jin nauyin in ji wani ya faɗe shi kusa da ni, ni za a tsaida gaban maza in faɗa? Ka ce su yanka ni, ya fi min sauƙi."

Raina ya ɓaci, kun san ni. Na ce Inna, igiya ba ta san kunya ba. Ta dube ni, ni ɗin dai, ido cikin ido, har na ji na koma yaro. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na dawo ina tunanin na ci roƙon da ba a taɓa ci ba don kawai in kai tsohuwa Kaduna ta sake rataye ɗanta a gaban alƙalai uku.

Ranar sauraro kotu ta cika, don labari ya zaga cewa za a ji shaida a kotun sama. Aka shigo da Sanda da ankwa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Inna Dije ta shiga wurin shaida, ta juya masa ƙeya. Na tashi na bi da ita ta hanyar da na san za ta iya bi. Na ce Inna, haihuwarki nawa? Ta ce fuɗu, biyu sun koma. Na farko mace ko namiji? Namiji. Wa ya raine shi? Goggo. Shina da rai? Shina da rai. Shina cikin ɗakin ga? Sai ta tura leɓe wajen akwati ba tare da ta juya ba. Na roƙi kotu ta rubuta cewa shaida ta nuna wanda ake tuhuma, aka rubuta. Na ce ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke, wa ya yi miki jinka? Ta ce shi, tun hantsi har rana ta faɗi, tana jin motsinsa a kan rumbu. Na zauna, na san abin da ke tafe.

Lauyan gwamnati ya tashi a hankali. Tambaya ɗaya ya yi.

"Inna, kin ce ɗanki ne. Faɗa wa kotu sunansa."

Na yi zumbur na ce ban yarda ba, ta riga ta nuna shi. Dattijon ya ce in zauna, ni na kawo ta, tambayar kuma halal ce. Tsohuwa ta kama bakin katako da hannu biyu.

"Sunan halifa na biyu garai," ta ce. "Wanda ya bi Abubakar."

Wasu a baya suka yi kabbara a hankali. Lauyan ya ce ba kacici-kacici aka zo yi ba, ko wa aka koya wa wannan zai iya faɗa. Suna yake so, da bakinta. Na dubi Sanda, ya sunkuyar da kai yana girgiza shi, kamar yana cewa a ƙyale ta, shi ya haƙura. Ita kuwa ta ɗago kai ta dubi alƙalai, ta fara magana, tafinta yana binta da ƙyar.

"Ku sa a duba ƙafatai ta hagu, bisa idon sawu. Akwai tabon wuta. Shina rarrafe ya nufi murhu, ina zaune ina gani. Uwar mijina na nan, ƙannen mijina na nan. Na ce wani shi ɗauke shi, a zuci nac ce, ban buɗe baki ba. Kafin wani ya tashi ya sa ƙafa. Ina jin kukanai ban motsa ba, anka yaba min, anka ce ɗiyar mutunci ta. Sannan kunka tambaye ni wancan karo, na sake yin shiru, ashe wuta ta biyu na tura shi."

Dattijon ya sa gandiroba ya ɗaga ƙafar wandon Sanda. Tabon yana nan, fari, ya kai tafin hannun yaro. Inna Dije ta saki katakon, ta juya gaba ɗaya, ta dubi ɗanta a gaban duk mutanen nan.

"Umaru," ta ce. "Sunanai Umaru. Ni na haife shi."

Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan da Sanda ya yi ba. Ya zube cikin akwati, ankwa tana ƙara. Mutum ya haura shekara talatin bai taɓa jin sunansa a wannan bakin ba. Tafinta ya buɗe baki ya kasa, dattijon ya ɗaga masa hannu ya ce ba sai ya fassara ba, kotu ta ji. Lauyan gwamnati ya ce ba shi da sauran tambaya, ya zauna yana share tabarau. Ni ma, Sarkin Roƙo guda, sai da na ɓoye fuska cikin kwafin shari'a.

Da ranar hukunci ta zo, bakinsu ɗaya su ukun. Suka ce gane mutum da tafiya bayan makonni ba hujja ba ce da za a kashe rai a kanta, suka ce wanda ya faɗi inda yake tun farko wajibi ne a je a bincika, suka ce alƙalin ƙasa ya ga gaskiya ya karanta ta a juye. An soke hukunci, an sallame shi, an wanke shi. Har na bar aiki ƙananan lauyoyi suna tare ni a kotu suna cewa sun ci roƙo da wannan hukuncin, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, duk lokacin da na ji sai kaina ya ƙara girma. Na yi shari'u da suka fi wannan suna, amma in an ce in zaɓi ɗaya in tafi da ita gaban Ubangijina, ita ce.

Na koma wurin Alhaji Mamman na faɗa masa da bakina. Ya ce to wa ya harbe shi? Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce ai shi ke nan. Har ya koma ga Allah yana amsa sallamata, amma bai ƙara komai a kai ba, ni kuma ban ga laifinsa ba, don mutumin da ya rasa ƙafa aka kuma ce masa ba a san wanda ya ɗauke ta ba, ba a ce masa ya yi murna. Ban kai ku gidan ba don kada a yi muku fuskar da aka yi wa uwarku.

Ni na kai Sanda gida. Mota ta kai mu Kebbe, daga nan muka hau babura. Tun kafin mu isa yara suka hango mu suka ruga da gudu, mata suka fito suna guɗa, maza suka baro gona da fartanya a kafaɗa, kowa yana so ya taɓa shi ya tabbatar. Hansai ta rungume shi tana dariya tana kuka. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa. Idon Sanda yana kan ƙofar bukka ɗaya, ba ta buɗe ba sai da hayaniya ta lafa. Inna Dije ta fito da ƙwarya a hannu, idonta a ƙasa. Ta wuce ta gaban ɗanta kamar ba kowa a wurin, ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar a gabana.

"Lauya, ga fura. Taka ta."

Ta tashi ta koma bayan zana. Na buɗe faifai. Fura ce da kindirmo, ta cika ƙwarya har baki, wadda ƙarti uku ba za su shanye ba, kuma ludayi biyu ne a ciki. Na ɗauki ɗaya na kurɓa, na tura ƙwaryar gaban Sanda. Ya ɗauki ɗayan. Ta ƙasan zana ina hango ƙafafunta, ta ba mu baya, tana tsaye. Ba ta gusa daga wurin ba sai da ta ji ludayinsa yana kankarar gindin ƙwarya.